Tambayoyinku: Zanen gida ya ƙi fitowa daidai a gilashin VR

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai zanen gine-gine ne, ofis ɗinmu yana wajen Zoo Road. Akwai wani Alhaji da muke zana wa gida, muna so ya saka gilashin Quest 2, irin gilashin VR ɗin nan da mutum yake sakawa ya ga kamar yana cikin wurin, ya zagaya cikin gidan tun kafin a aza bulo ko ɗaya. Na gama aikin a manhajar zanen 3D ta Blender na fitar da shi a fayil irin na OBJ, amma da muka buɗe sai komai fari fat, ba fenti ba tayil, wani bangon ma babu shi gaba ɗaya, ga shi yana ta sarƙewa. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala uku ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma ɗaya ce kawai laifin OBJ.

Shi OBJ tsohon tsari ne, siffar abu kawai yake ɗauka, bayanin kala yana cikin wani ƙaramin fayil daban mai suna MTL, su kuma hotunan tayil da katako suna zaune daban, toh in ka tura OBJ shi kaɗai ka bar sauran a kwamfuta dole ka ga fari, kamar ka aika tuwo ne ka bar miyar a gida. Kuma ko ka haɗa su duka baya ɗaukar motsi, ƙofar da ka sa tana buɗewa ba zata buɗe ba.

Ni shawarata ka rabu da shi ka koma GLB. Wannan shi ne glTF wanda ƙungiyar Khronos take kula da shi, sigarsa ta biyu ta fito a 2017, kuma amfanin GLB shi ne siffa da kala da hotuna da motsi duk a fayil ɗaya suke, ba abin da zai ɓata a hanya ko da a WhatsApp ka tura. Blender yana fitar da shi kai tsaye ba sai ka sauke komai ba. Amma fa ka kula da wannan, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa: in fentin naka da node ka haɗa shi, wato 'yan akwatunan nan da ake jonawa a Blender don haɗa fenti, irin su Noise ko Brick waɗanda Blender yake lissafawa da kansa, ba zasu bi GLB ba, sai ka yi musu bake, wato ka gasa su sun koma hoto na PNG ko JPEG, ka jona su a babban node na fenti mai suna Principled BSDF sannan ka fitar. Haka ma hasken da kake gani mai kyau a Cycles, injin da yake fitar da hoto a Blender, a Blender ɗin zai tsaya in baka gasa shi cikin hoton ba.

Bangon da ya ɓace kuma yana nan, juya maka baya yayi. Kowace fuska ta bango ko ta wani abu a zanen 3D tana da gaba da baya, yawancin manhajojin VR basa nuna bayan don rage wa na'ura aiki. Ka kunna Face Orientation a Blender, duk inda ka ga ja ka zaɓe shi ka danna Shift da N ya gyaru. Kafin ka fitar kuma ka danna Ctrl da A ka tabbatar da scale, wato girman abin, saboda glTF da mita yake awo, in ba haka ba Alhaji zai saka gilashi ya ga ƙofar falo ta fi Ƙofar Nasarawa tsayi.

Sarƙewar kuma nauyi ne. Quest 2 kan Snapdragon XR2 yake aiki, wato dangin abin da yake cikin waya ne, kuma hoto biyu yake zanawa ido ɗaya ɗaya, aƙalla sau 72 a daƙiƙa, in ya kasa sai mutum ya fara jin jiri. Kujeru da labulen nan da ake saukewa kyauta a intanet su ne manyan masu laifi wallahi, kujera ɗaya sai ta fi ginin duka nauyi. Ka rage su da Decimate na Blender mai rage yawan fuskokin abu, hotunan 4K ka mayar da su 2K ko 1K, babu mai lura.

In kuma da manhajojin haɗa wasanni irin su Unity ko Unreal zaka haɗa zagayen, to FBX na Autodesk shi ne aka fi sabawa da shi a can. Kome ka fitar dai kar ka goge asalin fayil ɗin Blender.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a BUK, na tura wa malaminmu GLB na wata kujera da na zana don ya ganta a tsakar ɗaki ta kyamara, a wayata Android tana fitowa amma a iPhone ɗinsa ta ƙi.

AMSA: Ƙanwata ba laifinki bane, Apple nasu daban ne. USDZ suke amfani da shi, sun fito da shi a 2018 tare da kamfanin Pixar. Ki ajiye kwafi biyu kawai, GLB na masu Android, USDZ na masu iPhone, sababbin Blender suna fitar da USDZ ɗin. Ki gwada a iPhone ɗin wata ƙawarki kafin ki sake tura masa, don wani lokaci kala tana ɗan canzawa wajen juyawar.

TAMBAYA: STL fa, zai yi a VR?

AMSA: Zai iya buɗewa a wasu manhajojin amma ba kala ba hoto, an yi shi ne don injin buga abu na 3D. In shi kaɗai gareka ka shigar da shi Blender, ka duba girmansa tunda baya ajiye ma'aunin awo, ka sa masa fenti ka fitar a GLB.