Man suya a tankin jirgin sama?

Tambaya: Malam, wai da gaske ne ana tada jirgin sama da man da aka gama suya da shi? Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Gaskiya ne 'yar'uwa, Japan ma ta yi nisa. Kamfanonin Cosmo, JGC da Revo ne suka haɗa kai, gidajen abinci da kantuna suna tara tsohon mai, motoci su kwasa zuwa matatar Sakai dake Osaka, a tace shi da sinadarin haidirojin sannan a gauraya da man jirgi na asali, wanda aka tace ɗin ba ya wuce rabin haɗin. Tun 2025 suka fara, gwamnati kuma na son irin wannan man ya kai kashi 10 cikin 100 na man da jiragen saman ƙasar ke sha a 2030. Ni a ganina tarawar ce wahala, dan man a warwatse yake gida-gida, ga tsada kuma.