Fuskar Jenkins ta tsufa: yaɓe za a yi ko azara za a sauya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Sakkwato, mu biyar ne, muna yi wa makarantun kuɗi manhajar biyan kuɗin zango da duba sakamako. Muna da Jenkins a kan wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, shi ke harhaɗa mana manhajar ya gwada ta duk lokacin da wani ya tura sabon aiki. Aiki kam yana yi, amma fuskarsa sai ka ce shafukan da ake buɗewa a kafe zamanin da. Ran nan maigidanmu ya zo da baƙo, baƙon ya leƙa allon, maigida ya ji kunya, ya ce in san yadda zan yi da shi. Lambar fitowar namu 2.249 ce. Na ji ana maganar Blue Ocean, wata sabuwar fuska da ake ɗora wa Jenkins. In sa shi, ko in zauna in sake zana shafukan da kaina tunda kod ɗin a buɗe yake ga kowa?

Ɗalibinka daga Mabera

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sa Blue Ocean, kuma kada ka taɓa zanen shafukan nan. Gyaran da maigidanka yake so an riga an yi mafi yawansa, kai ne ka yi zamanka a 2020, shekarar da 2.249 ya fito.

Ka san dalilin da ya sa fuskar ta daɗe haka? Jenkins dattijo ne. Kohsuke Kawaguchi ne ya fara rubuta shi da harshen kwamfuta na Java yana aiki a Sun Microsystems, a lokacin sunansa Hudson. Oracle ya sayi Sun a 2010, aka samu saɓani kan sunan, masu aikin suka koma kiransa Jenkins a farkon 2011. Tun daga nan mutane ke ta jona masa ƙananan manhajojin da muke kira fulogin, har suka haura 1,800. Kowane fulogin yana zana nasa ɓangaren a cikin shafin Jenkins, kuma da yawa sun jingina ne da yadda aka gina shafin tun asali. Ka ɗauki tsohon gidan ƙasa a cikin gari, wajen Ƙofar Rini, wanda kowane ɗa da ya yi aure ya kafa ɗakinsa a jikin katangar uban. Yaɓe ba wuya. Amma ran da ka ce za ka zare azara guda, sai ka fara tambayar rufin wa da wa ke kanta.

Blue Ocean dabarar kauce wa wannan ce: a bar tsohon gida, a gina sabon falo a ƙofarsa. Ya fito a 2017, kuma gaskiya ya yi kyau, matakan aiki suna jere kamar carbi, wanda ya faɗi ya yi ja. Na yi shekara biyu ina tallarsa ga duk wanda ya tsaya ya saurare ni. Matsalarsa ita ce bai taɓa ɗauke dukan aikin ba. Da ka so sauya wani saiti ko ka sa fulogin, sai ya tura ka tsohuwar fuska. Yanzu masu Jenkins da kansu sun ce ba a ƙara masa sabon abu. In jerin matakan nan ne ya ba ka sha'awa, akwai fulogin mai suna Pipeline Graph View, yana nuna su a cikin Jenkins ɗin kansa.

Hanyar da aka bi daga baya ta fi wahala, kuma ita ta yi. Aka shiga cikin gidan ana sauya azara ɗaya bayan ɗaya. Shafukan saiti a da an jera su ne a cikin jadawali mai layuka da gidaje, shi ya sa ba sa lanƙwasa a allon waya. Aka cire wannan tsari, gyaran ya iso ga masu bin layin LTS, wato fitowar da ake daɗewa ana kula da ita, a 2.277.1, watan Maris 2021. Sai Prototype.js, tsohon kayan JavaScript da rabonsa da sabon fitowa tun 2015, aka fitar da shi a 2023. YUI kuwa, wani kayan irinsa wanda Yahoo ya daina kula da shi tun 2014, sai a 2025 aka rabu da shi. Kowane mataki sai da aka bi ɗaruruwan fulogin ana gyarawa, yawanci masu sa kai ne ke yi. Ka ga abin da kake shirin ɗauka kai kaɗai a Mabera, ga zafin Afrilu.

Ni ma na sha. A 2021 ina kula da Jenkins na wani ofis a nan garin. Wata Alhamis bayan La'asar na ɗaga shi zuwa 2.277.1, na ga fuska ta yi fes, na rufe na tafi gida ina jin kaina. Ran Asabar aka kira ni. An buɗe shafin saitin wani aiki, akwatuna sun hau kan juna, a danna maɓallin ajiyewa ya ƙi motsi. Na zauna gaban allon da fankar caji a gefe, batirin inbata yana ƙara, ina kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya ina sake kunna Jenkins. Na goma sha wani abu ne mai laifin, wani tsohon fulogin da ba mu ma amfani da shi, wanda ya rubuta shi ya daɗe da watsar da shi. Laifina ne, domin an rubuta gargaɗin ƙarara a jagorar ɗagawa, ban karanta ba.

To kai sai ka fi ni wayo. Kafin komai ka kwafe jakar JENKINS_HOME gaba ɗaya zuwa wani faifai na daban, a nan saitinka da tarihin ayyukanka suke. Kada ka yi gwaji a kan kwamfutar ƙarƙashin tebur. Ka ɗora kwafin a kan laftof, can za ka yi ɓarnarka. Ka shiga shafin fulogin ka cire duk wanda ba ku amfani da shi, za ka yi mamakin yawansu. Sauran ka sabunta su kafin ka ɗaga Jenkins, ka sake sabuntawa bayan ka ɗaga. Kada ka yi tsalle ɗaya daga 2.249 zuwa na yau. Ka yada zango a 2.277, ka buɗe shafin saitin kowane aiki ka danna ajiyewa ka ga ya karɓa, sannan ka ci gaba, kana karanta jagorar kowane zango. Ka kuma lura da Java: daga 2.361.1 sai da Java 11, daga 2.479.1 sai da Java 17. In ka manta wannan, Jenkins ba zai ma tashi ba. Saukar da kayan zai ci data, ka bari sai dare.

Wani abu da zai ba ka dariya: ƙwallon nan shuɗi da ke nuna aiki ya yi nasara zai ɓace, alamar kore ta maye gurbinsa. Shuɗin daga Japan ya samo asali, ƙasar Kawaguchi, inda ake kiran koriyar fitilar hanya da kalmar shuɗi. Shekaru mutane suna sa wani fulogin mai suna Green Balls don kawai su mai da shi kore. Alamomin yanayi kuwa suna nan, rana in ayyukan baya-bayan nan lafiya, hadari da tsawa in sun yi ta faɗuwa. Mu da muke jiran hadari da addu'a, wannan fassarar ba ta taɓa zauna mini ba.

In ka gama, ka sa Dark Theme, fulogin da ke mai da allon baƙi, idanunka za su huta da dare, maigida kuma ya samu abin nuna wa baƙi. Ƙaiƙayin zane da ke hannunka ma yana da wurin zuwa. Akwai fulogin da yawa da masu su suka bari, an rubuta a shafinsu cewa ana neman mai ɗauka. Ka zaɓi ƙarami guda cikin waɗanda kuke amfani da su, ka duba Design Library, fulogin da ke nuna samfuran zanen Jenkins, don ka ga yadda ake son maɓallai da akwatuna su kasance yanzu, ka tura gyaranka ta GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin.

Ka rubuto mini jerin fulogin ɗinku kafin ka fara, in nuna maka waɗanda nake zargi.