Amsar tambayarka kan wutar Makka

Ƙanena, ka tambaya ko gaskiya ne mu Hausawan Makka ba ma kashe mukayyif, wato abin da kuke ce wa esi, kuma wai ko kyauta ake ba mu wuta. Na farkon gaskiya ne idan zafi ya shigo. A Yuni da Yuli zafin nan yakan haura digiri 45, duwatsun da suka kewaye garin kuma su riƙe shi har tsakar dare. Tsofaffin gidajenmu na wajen Shari'a Mansur da Misfala bulo ne zalla, ba irin ginin ƙasa na Kano mai sanyin ciki ba. Ka kashe na'ura, jariri da tsoho su za su fara jigata.

Kyauta kuwa, babu. Dā dai kusan kyautar ce: halala 5 (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) kan kowane kilowat-awa a matakin farko na farashi, shi ya sa mutum zai tafi Harami ya bar ɗaki yana sanyi ba kowa. A Janairun 2018 aka mai da shi halala 18, aka ƙara kuɗin fetur a lokaci guda. 'Yan ƙasa an buɗe musu Hisabul Muwaɗin ana ba su tallafi. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, shi da aljihunsa. Tun daga nan muka sake hali. Iyali su tattaru a ɗaki ɗaya su kwana. Inda 'yan haya ke kan mita ɗaya, idan fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta zo ana raba kuɗin ne bisa yawan mukayyif ɗin kowa, ba bisa yawan ɗakuna ba, kuma dattijon gida ke yin rabon don kada zumunci ya ɓaci. Telolinmu sai bayan la'asar suke buɗe shago, su kai dare.

Masana tattalin arziki suna auna yawan makamashin da ƙasa ta ƙona a kan kowace dala da ta samar, kuma a nan nake so ka tsaya. Wani kaso na wutar Saudiyya yana tafiya masana'antun Jubail da Yanbu, yana dawowa da kuɗi. Kaso mai yawa kuwa sanyaya ɗaki kawai yake yi, sai tace ruwan teku: ruwan da muke alwala da shi daga Shu'aiba da ke bakin Bahar Maliya ake turo shi, bayan an cire masa gishiri. Da rani har ɗanyen mai ake ƙonawa a tashoshin lantarki, man da da an sayar. Wannan yana damuna ƙwarai.

Naku ciwon daban ne, kuma ya fi ci mini rai. Telan Fagge wuta kaɗan yake buƙata, amma da janareta yake samunta, da fetur ɗin da ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Ɗinkinsa bai gaza na telanmu ba, sai dai ribar tana ƙarewa a gidan mai. Idan ka rubuto, gaya mini nawa yake kashewa a mako, in kwatanta da faturar maƙwabcina.