Ga ɗan'uwan da ke son yin nutso a ƙaramin tsibiri

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana son kai da iyalinka ku yi hutun mako ɗaya a wani ƙaramin tsibiri na yankin zafi wanda jama'a ba su cika shi ba, kana sha'awar gwada nutso da tulun iska, ba ka taɓa yi ba, iyonka ma na lallaɓawa ne, kuma kana so ka san ko akwai haɗari. Na haura shekara 10 ina wannan harka, yawancin nutsona ma a irin waɗannan tsibirai na yi shi, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko shi ne wannan. Tsibirin ya zauna da kyansa ne saboda isa wurin da wahala: ƙaramin jirgin sama sau biyu ko uku a mako, ko kwale-kwale mai inji na awanni. To yadda shiga ke da wahala, haka fita take ranar da wani abu ya sami mutum. Saboda haka kafin ka tsaya kallon hotunan farin yashi, fara tambayar inda taimako yake.

Ga dalili. Duk mita 10 da ka sauka a ruwa, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 huɗu. Iskar da ke cikin tulun irin wadda muke shaƙa ce kullum, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kuma a ƙarƙashin wannan matsi naitirojin ɗin yana narkewa ya shige jini da tsoka. Idan ka hau a hankali, zai fita ta numfashi ba tare da ka ji komai ba. Idan ka yi gaggawa, sai ya yi kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe farat ɗaya. Wani ciwon gaɓoɓi zai ji, wani hannu ko ƙafa su mutu, wani kuma abin ya taɓa masa laka. Maganinsa oksijin zalla nan take, sannan a kai mutum ɗakin matsin iska, wani tankin ƙarfe da ake shigar da shi a mayar da matsin, a rage shi sannu a hankali. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da wannan ɗaki. Shi ya sa duk wanda zai kai ni nutso sai na tambaye shi, tun kafin in biya ko sisi: ina ɗakin matsin iska mafi kusa, awa nawa ake yi kafin a isa, kuma akwai tulun oksijin a cikin jirgin da za mu shiga? Ba a ofis ba, a cikin jirgin. Mai gaskiya zai ba ka amsa ba tare da inda-inda ba, har ya buɗe akwatin ya nuna maka. Ka kuma yanki inshorar da ta ambaci nutso ƙarara, irin ta DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, domin inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar kuɗin kwashe mutum daga tsibiri.

Akwai tambayar da mutane ba su cika yi ba: ina injin da ke ɗura iska a tulun yake? A tsibirin da babu wutar lantarki tsayayya, da janareta ko injin mai ake ɗurawa, kuma idan bakin da ke zuƙo iskar yana kusa da salansa, hayaƙi zai shiga tulun. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, amma sau da yawa tana zuwa tare da warin mai. Na taɓa sa bututun numfashi a baki a cikin jirgi na ji ɗanɗanon mai, na ce ba zan shiga da wannan tulu ba. Mai jirgin ya ɓata rai, ni kuma na zauna a sama ranar. Ban taɓa nadama ba. Ka shaƙi iskar tulunka sau uku ko huɗu kafin ka faɗa ruwa, kana kallon allurar agogon iska. Cikakken tulu yakan nuna wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), kuma allurar bai kamata ta riƙa rawa ba idan kana numfashi.

Maganar iyo kuwa, iya ruwa fidda kai. Ba sai ka zama gwani ba, amma kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso tana ba da shaida, yana buƙatar ka iya iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 kana yawo a saman ruwa. Shawarata, ka fara gyara iyonka yanzu a tafkin wanka, ka gama karatun littafin ta intanet kafin ka tashi. Kwas ɗin yana cin kwana 3 zuwa 4, da nutso 4 a buɗaɗɗen teku, bayan haka za ka sami shaidar sauka har mita 18. Idan ba ka tabbatar abin zai kwanta maka ba, akwai nutson gwaji na yini ɗaya, malami yana manne da kai, ba a wuce mita 12. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya yake riƙewa. Ga sabon shiga, ni dai ban yarda da fiye da huɗu ba.

Ka ga likita kafin tafiya, kai da iyalinka. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon suga, sikila, duk sai likita ya yi magana. Mai juna biyu ba ta nutso sam. Ko mura ce ta kama ka, ka haƙura da ranar, don kunnuwanka ba za su daidaita ba. Dabarar kunne ita ce ka toshe hanci ka hura a hankali tun daga mita ta farko, kada ka jira zafi. Kuma dokar da ta fi kowace: kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka cika huhu da ita a mita 10 za ta ninka girma biyu kafin ka iso sama, huhu kuwa ba ya ɗaukar haka.

Wani abu da ƙananan tsibirai suka yi suna da shi shi ne jan ruwa, domin teku ce ta kewaye su ta ko'ina, ruwan kuma yana matsuwa a kusurwoyinsu. Wannan jan ne ke kawo abinci, shi ya sa kifi ke taruwa a wurin. Wata rana ni da abokin nutsona muka fito muka tarar jirginmu ya zama ɗan ɗigo can nesa, igiyar ruwa tana ɗaga mu tana saukewa, matuƙin yana duban wani ɓangare daban. Kusan minti 40 muka yi muna riƙe da hannun juna. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, wata doguwar balan-balan ce mai ruwan lemo da nake naɗewa a aljihun rigar iskata, wato rigar da mai nutso ke hura wa iska don ya daidaita a ruwa. Na hura ta, na tsayar da ita sama, har wani yaron jirgi ya hango. Tun daga ranar ba na shiga ruwa sai da ita da usur. Ka sayi naka, da gilashin idon da ya zauna daidai a fuskarka. Sauran kayan ka iya haya.

Kada duk wannan ya sa ka fasa. Ina faɗa maka ne don ina so ka je ka ga abin da na gani. Farkon abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙarƙashin ruwa ba shiru ba ne. Za ka ji ƙaras-ƙaras ta ko'ina, kuma idan ka natsu za ka ga mai yin wani daga cikin sautin: kifi mai baki irin na aku, kore da shuɗi, yana gatsar dutsen murjani, can sai ya saki farin gari ta baya. Wani kaso na farin yashin da za ku taka a bakin ruwa daga cikin irin wannan kifi ya fito. Jan launi yana ɓacewa tun wajen mita 5, komai ya koma shuɗi-shuɗi, amma da ka haska tocila sai ka ga ja da ɗorawa sun dawo. Na taɓa tsayawa cak a mita 12, kunkurun teku yana cin abincinsa a gabana, tazarar da ba ta fi tsawon hannu biyu ba. Ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya, ya ci gaba da abin da yake yi. Na daɗe ina tasbihi a zuci.

Sai maganar da ta fi damuna. Murjani dabba ne mai rai, ba dutse ba. Manyan dunƙulallun nan wasu ba su wuce santimita 1 a shekara wajen girma, don haka abin da takalmin iyonka zai karya cikin daƙiƙa ɗaya mai yiwuwa ya girme ka. A shekarata ta farko na juya don kallon wani kifi, ƙafata ta daki reshen murjani, na ga farin karayar da idona, har yau ina jin nauyin abin. Sabon mai nutso ya fi kowa yin wannan ɓarna, ba da mugunta ba, sai don bai iya tsayar da jikinsa a tsakiyar ruwa ba tukuna. Ka roƙi malaminka ya koya maka wannan a kan yashi har ka iya, kafin ya kai ka kan murjani. Kada ka taɓa komai, kada ka ɗauki komai, ko da kuwa kwanson da kake ganin babu kowa a ciki. Wasu dodon-koɗin teku masu siffar mazurari suna da dafin da ke kisa.

Tsibirin da ba a ɓata ba, ba ya zama haka da kansa. A Sipadan na Maleshiya sai da aka kwashe masaukan baƙi daga kan tsibirin a 2004, aka ƙayyade yawan masu nutso a kowace rana. Bonaire ta mayar da ruwan da ke kewaye da ita wurin kariya tun 1979, Palau ta haramta man kariyar rana mai cutar da murjani a 2020, Tailan kuma ta rufe gaɓar Maya daga 2018 har farkon 2022 don wurin ya farfaɗo. Idan aka ce ka biya kuɗin shiga wurin kariya, ka biya da zuciya ɗaya. Ka lura ko jirgin yana ɗaure igiya a turken da aka tanada ko yana jefa anka kan murjani, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin mutanen da kake tare da su. Ruwan sha yana da wuya a irin waɗannan wurare, shara kuma babu inda za a kai ta, don haka robobinku da batura ku koma da su.

Wajen tsara kwanakin, ka duba lokacin iska da damina na yankin, domin akwai watannin da jiragen ba sa fita ko kaɗan. Kowane nutso ka tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka fito, ka iso sama da aƙalla bar 50 a tulunka. Ranar ƙarshe kuma babu nutso: bayan nutso na kwanaki a jere, sai an bar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, ni awa 24 nake bari. Wannan ranar ka ba iyalinka ita, ku sa gilashin ido ku yi yawo a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa. Idan ka tsayar da tsibirin da watan tafiya, ka faɗa mini mu duba tare.