Ina buga ƙananan jiragen sama jannati da firintar rezin, yanzu yatsuna sun fara ɗayewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune gidan iyayena a Tudun Wada, Gusau. Bara na sayi ƙaramar firintar rezin, wato na'urar 3D da ke daskarar da ruwan roba da haske ta ƙera abu, ta hannun wani mai kawo kaya daga Legas. Ina buga ƙananan jiragen sama jannati na wasannin kwamfuta irin su Homeworld da EVE Online, in yi musu fenti, wasu in ajiye, wasu abokai su saya. Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Wani babban jirgi da na rarake cikinsa don rage cin rezin ya daɗe a kan kanta lafiya lau, sai kawai ya tsage, wani ruwa mai danƙo ya tsiyayo, kuma ƙanena ɗan shekara huɗu ne ya fara ɗaukarsa. Sannan yatsuna na ƙaiƙayi, gefen farce ya tsattsage, fata na ɗayewa. Wanda ya sayar mini ya ce rezin ɗin irin wanda ake wankewa da ruwa ne, ba ya cutarwa, zafin gari ne kawai. Mai kemis ya ce ƙazuwa ce, ya ba ni man shafawa. In haƙura da sana'ar ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba a kai ga haƙura ba tukuna, ƙanena, amma ka rufe firintar nan daga yau har hannunka ya warke. Shi kuma yaron, in fata kawai ruwan ya taɓa, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a sa ido kwana biyu zuwa uku ko wurin zai yi ja. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 sannan a wuce asibiti. In ya kai baki ma asibitin za a nufa, da kwalbar rezin ɗin a hannu. Jirgin da ya tsage ka ɗauke shi da safar hannu, ka shanya a rana inda yara ba sa kaiwa, har abin da ya tsiyayo ya daskare.

Tsagewar ba abin mamaki ba ce. Ka rarake cikin jirgin a manhajar shirya bugu ta Chitubox ko Lychee, amma ba ka huda masa mafita ba, ko ka huda guda ɗaya ƙarama ta toshe. Hasken nanomita 405 da ke daskarar da rezin ba ya ratsa bango mai kauri, balle in rezin ɗin ruwan toka ne ko baƙi. Waje ya bushe ƙarau, ciki kuwa ɗanyen na kwance yana cin bango a hankali, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ranar da bango ya gaji sai ya buɗe. Ka bar kaurin bango milimita 2, ka huda rami aƙalla biyu, kowanne milimita 3 ko sama, ɗaya ta ɓangaren da ya fi kusa da farantin bugu don kada cikin ya riƙa tsotsar ledar FEP da ke gindin kwanon rezin. Mai buga jirgi ya fi mai buga mutum-mutumi sa'a a nan, domin bututun injinan baya dama ramuka ne, nan za ka ɓoye hudar ba mai ganewa. Ka ɗura ruwan wanki ciki da sirinji, ka girgiza, ka juye a mazubi, ka maimaita har abin da ke fitowa ya washe, sannan ka bar shi ya bushe sarai kafin ka kai shi haske. Ƙananan jiragen yaƙi da ba su wuce tsawon yatsa ba kuwa, bar su a cike, rezin ɗin da za ka tsimin bai kai wahalar ba.

Sai maganar mai sayar maka, wadda ita ce ta fi ba ni haushi, don kusan kullum sai na ji ta: daga dillalan WhatsApp, daga samarin da ke ɗora bidiyo suna tsoma hannu tsirara cikin kwanon rezin suna dariya. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da aka rubuta a kwalbar na nufin ruwa zai iya wanke ɗanyen rezin daga jikin abin da ka buga, ba sai ka sayi sifirit ba. Iyakarsa ke nan. Sinadaran da ke ciki, dangin akirilet, su ne dai a wanda ake wankewa da sifirit, su ne kuma a wanda ake tallarsa da cewa da man waken suya aka yi shi. A ganina mai ruwan ya fi ɓarna ma, saboda sakacin da yake koya wa mutane. Wanda ke aiki da sifirit yana jin wari yana kaffa-kaffa. Wanda ya sayi mai ruwa, a bakin famfo yake wanki, kusa da kwanukan tuwo.

Akirilet ba ya kama mutum ranar farko, shi ya sa kowa ke cika baki da "ai ni ina taɓawa ba abin da ya same ni". Taɓawa yau, taɓawa gobe, garkuwar jiki na nan tana koyon sinadarin. Ranar da ta gama gane shi, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, kuma galibi sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suke fitowa, lokacin mutum ya manta ya taɓa komai. Wani fatar idonsa ce ke kumbura don ya share gumi da bayan safar hannu. Kuma in jiki ya riga ya kama, yawanci ya kama ke nan har ƙarshen rayuwa. Dangin sinadaran nan suna cikin farin cikon haƙori, da haƙoran roba, da simintin da likitocin ƙashi ke liƙa ƙugun ƙarfe da shi, da farcen kanti da mata ke sawa. Masu haɗa haƙori sun san ciwon yatsun nan tun ba a ƙirƙiro firintar gida ba. Saurayi ɗan ashirin ya je ya sayo wa kansa matsalar da za ta tare shi a kujerar likitan haƙori yana da hamsin, duk a kan jirgin da bai cika tafin hannu ba!

Likita ne zai tantance, amma siffar da ka bayar ta fi kama da wannan fiye da ƙazuwa. Ƙazuwa bin gida take yi, kuma ta fi tsananta da dare. Wa kuma ke susa a gidanku? Mai kemis ya tambaye ka aikin da kake yi da hannun? Irin mayukan da suke miƙa wa kowa, da yawansu na ɗauke da sitiyarod mai ƙarfi, ciwon ya lafa ka zaci ka warke, ka koma kan rezin ya dawo ya fi na da. Ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ka tafi da kwalbar da man da aka ba ka.

In ka koma aiki, safar hannu ta naitiril za ka sa. Ta letas da ta leda rezin na ratsa su da wuri, ko naitiril ɗin ma da ta ɓaci cire ta ka sa wata. In ya taɓa fata, sabulu da ruwa. Kada ka yi irin na kanikawa ka goge da fetur ko kananzir ko sifirit, suna kwashe man fata su tura sinadarin ciki. Kada kuma ka fita rana da shi a hannu, yana daskarewa ne da zafi, har ƙuna yake yi. Takunkumin korona ba ya tare tururinsa. Firintar ta bar ɗakin kwana, ta koma ɗakin da iska ke ratsawa, mai makulli, nesa da hasken taga.

Ruwan wankin kuma ba na kwata ba ne. Kaji da awaki na sha a nan, yara na wasa a nan. Mutumin Zamfara ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin an shigo da daka duwatsun zinare tsakar gida, inda ake girki, inda yara ke rarrafe. Rezin bai kai dalma kisa ba, nesa ba kusa ba, amma ta wannan ƙofar yake shigowa. Ka tara ruwan a gora mai haske, ka ajiye a rana har rezin ya dunƙule ya kwanta, ka tace, sauran ruwan ka bar shi a buɗaɗɗen mazubi ya ƙafe inda dabba ba ta kaiwa. Tsummokara da safar hannu ma a shanya su su bushe kafin su shiga shara. Abokan da suka sayi manyan jiragenka ka kira su, duk wanda aka rarake ba huda su dawo da shi.

Idan hannun ya warke, ka koma da safar hannu, ƙaiƙayin ya sake tasowa, to sai ka haƙura da rezin gaba ɗaya. Sai ka nemi firinta mai narkar da zaren roba na PLA, ka sa mata bakin milimita 0.2. Ba za ta fitar da siraran eriya kamar rezin ba, amma manyan jiragen dakon kaya da na ɗaukar mayaƙa suna fita da kyau, in aka goge aka yi musu fenti.