Kada a ɗora injin nan sai an canja sarƙar

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya aiko min da tambaya. Ya tara kuɗin wata takwas ya sayi injin Toyota samfurin 22R na hannu, ya aika Kano domin a farfaɗo da tsohuwar a-kori-kurar Hilux da ƙanensa ke ɗaukar kaya da ita. Da injin ya iso, bakanike ya buɗe gaban injin ya ce sarƙar taimin ta saki, sai an ƙara kuɗi. Shi kuma zuciyarsa na raya masa cewa an ga yana waje ne ake son a tatse shi.

Ɗan'uwa, na san ciwon kuɗin da aka samo a rana irin ta can. Amma a nan ina bayan bakaniken. Sarƙar nan ita ke haɗa karanshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar sama mai buɗe bawul, domin bawul ya buɗe ya rufe daidai da tafiyar fistin. In ta ci aiki, mahaɗanta kan cinye, sai ta yi tsawo. Injin 22R kuwa an san shi da wannan lalura: robar da sarƙar ke gogawa a jikinta takan karye, sarƙar ta shiga dukan murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwan ya gauraya da baƙin mai. Ranar da ƙanenka ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga ya koma kamar shayi mai madara, to ta faru. In kuma sarƙar ta tsallake haƙoran giya, fistin na iya lanƙwasa bawul.

Yanzu da injin ke ƙasa a kan taya, aikin mai sauƙi ne. In an ɗora, sai an sake kwance lagireto da fanka da duk abin da ke gaba, ka biya kuɗin aiki sau biyu, motar ta yi kwanaki ba ta kawo ko sisi ba.

Kada a canja sarƙa ita kaɗai. A sa sabbin giya na sama da na ƙasa, da robobin, da tenshina mai ɗame sarƙar, da sil ɗin gaba mai hana baƙin mai yoyo. A sauke kwanon baƙin mai a wanke, domin ɓarɓashin robar can yake taruwa ya toshe rariyar famfon mai. Bayan an daidaita alamomin taimin, a juya injin da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli.

Zargin kuma, kada ka furta shi ga ƙanenka a waya, maganar da aka yi daga nesa tana da wuyar gyara. Ka ce a kira ka ta bidiyo, bakanike ya taɓa sarƙar da yatsa ka ga sakinta da idonka. Ƙanenka ya je kasuwar Ƙofar Ruwa da kansa ya sayo kayan, a ajiye maka tsofaffin.

Sai takardu. Rasit ɗin da aka ba ka a Sharja mai ɗauke da lambar injin, da takardar biyan kwastan, ka tabbata suna hannun ƙanenka. Takardun motar tsohuwar lamba ke jikinsu, don haka ya je ofishin lasin a gyara tun kafin ya hau hanyar Zariya da lodi.