Gizo ba yaudara kaɗai yake koyarwa ba

Malam, ka ce kana tsoron tatsuniyar Gizo ta koya wa 'ya'yanka yaudara. Ban ga haka ba. Duba labarinsa da giwa da dorina: ya ci bashin hatsi wurinsu, ranar biya ya miƙa wa giwa bakin igiya, ya kai wa dorina ɗayan cikin ruwa, suka wuni suna ja, kowace na zaton dokin da ya alkawarta mata ne. Taurin bashi laifi ne, ka gaya musu. Amma su lura, ji da ƙarfi ya hana manyan biyu leƙa ƙarshen igiyar, shi kuwa da kiɗa ya sauya sai ya sauya rawa. A gidanmu nan Sakkwato, bayan "ƙurunƙus" mukan tambayi yara wa ya fi wauta, mu bar su su yi gardama.